Kunnen Hannatu na Hagu

Salama ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa. Sunana Iliya. Karatuna bai wuce na firamare ba, shi ma da Larabci. Bokon Hausa mahaifina ne ya koya mini a tsakar gida don in iya karanta Maganar Allah da harshenmu, saboda haka a yi haƙuri da rubutun. Labarin ciwon matata Hannatu ne. Na rubuta shi don kada wani ya riƙe irin cutar nan a ɗaki yana ce mata zazzaɓin sauro, kuma don kada wani mai bi ya yi abin da na yi. Saura ƙiris in rasa matar nan. Cutar ta yi nata, ni ma na yi nawa, kuma nawa ya fi muni, domin cuta ba ta san abin da take yi ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, ba nisa da Rusairis. Hausawa ne, masunta da masu noman albasa da kuɓewa a gaɓa idan ruwa ya janye. Duk garin Musulmi ne in ban da gidanmu. Kakana ya zo ƙasar nan daga yamma yana yi wa wasu masu aikin mishan girki, ya rasu a nan, ya bar mana bangaskiyarsa da tukwanensa. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, ta musulunta tun tana budurwa, ta auri mutumin gari, kuma wannan bai taɓa hana ta shiga gidanmu ta buɗe tukunya ta yi faɗa a kan gishiri ba. 'Yarmu Rahila tana aure a Sinja, ɗanmu ya tafi haƙar zinariya, gida ya rage daga ni sai Hannatu. Ranar Lahadi mukan taru a rumfar gidana tare da 'yan ƙwadagon kudu masu zuwa aikin kaka. Ba mu da fasto, ni nake karatu in yi ɗan bayani. Shi ya sa maƙwabcina Sale, sa'ana wanda muka koyi iyo tare, yake kirana Fasto don tsokana, ni kuma in ce masa Sarkin Ruwa, don ban taɓa ganin ya kama kifin da ya fi damtsensa ba.

Abin ya faru kafin yaƙin da ake yi yanzu a ƙasar nan. A daminar shekarar, zazzaɓi ya zaga gari, kusan kowane gida ya kwantar da mutum, an binne yara. Gidana bai shiga ba. Wata safiya a bakin ruwa inda ake sauke kifi, Sale ya tambaye ni cikin wasa me muke sha a gidanmu. Da na yi dariya na wuce, da shi ke nan. Sai na ce gidan da jinin Almasihu ya rufe, cuta ba ta samun ƙofar shiga. Na faɗa da ƙarfi don a ji. Wani masunci, Habu, yana wurin yana warware raga, shi kuwa a makon nan ya binne ɗansa. Kowa ya ci gaba da sauke kifinsa. Na koma gida ina jin na ba da shaida.

Da kaka muka tafi yankan riɗi a manyan gonakin gabas, inda ƙasa take baƙa tana tsagewa. Muka yi ta kwana a gindin aduwa kamar sauran mutane. Daga baya aka gaya mini akwai wani ɗan ƙuda da bai kai sauro ba, yana fitowa daga tsagar ƙasa da kogon itace da magariba, shi ke sa cutar. Mu ba mu ji cizonsa ba ma.

Sai da sanyi ya shigo, 'yan ƙwadago duk sun koma garuruwansu, sannan jikin Hannatu ya fara zafi. A makon farko zafin yakan zo da hantsi ya sauka, ya komo da la'asar. Na je Rusairis na sayo maganin zazzaɓin sauro. Ta sha, ta tashi ta yi shara, muka yi godiya. A mako na biyu ya dawo, mai kantin magani ya ce taifot ne, ya ba ni wasu ƙwayoyi masu tsada. Ta sha su ma. Abinci tana ci kaɗan, amma zanenta ya fara yi mata yawa.

A garinmu, idan mutum ya kwanta, ɗakinsa ya tashi daga nasa. Mata suna shigowa dubiya tun safe, kowace da kwanon kunu ko ɗan sukari a ƙulle. Tsofaffi su taɓa goshi, su ja fatar ido su duba, su latsa ciki. Kowa ya ce kaffara, kamar yadda ake gaishe da mara lafiya a ƙasar nan. Kowa kuma da shawararsa: wata ta ce a jiƙa bagaruwa, wata ta ce a karɓo rubutu, wata ta ce a ɗora ƙusa mai zafi a kan saifa. Na gaya wa kaina ba zan bari a kawo wa matata rubutu ko a ƙona mata ciki ba, zan tsare ta saboda bangaskiya. Na yi addu'a a kan haka har na ji daɗin kaina. Gaskiyar kuwa, maganar da na yi a bakin ruwa nake tsarewa. Ba na so ta isa kunnen Sale da Habu cewa cuta ta sami ƙofa.

Na mayar da Hannatu ɗakin baya inda muke ajiye dawa, na ce mata ya fi ɗumi. Ni kuma na ɗauki kaba na zauna a ƙofar gida ina tufka. Gwaggo ce ta fara zuwa, da sandarta da kwanon kunun tsamiya, don ta kwana biyu ba ta ga Hannatu a wurin ɗiban ruwa ba. Na ce mata mura ce, kuma tana barci. Ta miƙa mini kunun ta koma. Washegari ta dawo da mata biyu, na sake cewa tana barci. Zuwa na gaba, da na ga barci ba zai ƙara ɗaukar nauyin maganar ba, sai na ce ta ji sauƙi, ta bi motar asuba ta tafi Sinja wurin Rahila. Gwaggo ta dube ni ta ce ko sallama? Na ce tafiyar ce ta zo da gaggawa. Daga ranar ƙafa ta ɗauke.

Kunun da suka kawo na ba Hannatu ta sha, ban ce mata ga inda ya fito ba. Ta ɗauka ni na dama, har ta yabi hannuna.

A mako na uku da na huɗu ciki ya fara tasowa ta hagu, da tauri kamar an sa ƙwarya a ƙarƙashin fata, alhali hannuwa da ƙafafu sun zama kara. Fatarta ta yi duhu ta bushe. Kullum da rana ta take, idan zafin ya sauka, takan tambaye ni ko wani ya zo. In ce kowa yana fama da dashen albasa. Ko Gwaggo? In ce ko Gwaggo. Sai ta juya ta fuskanci buhunan dawa. Matar nan ita ta yi jinyar Gwaggo shekarar da ta karye a ƙugu, ita ta yi ta ɗaukar ta zuwa bayan gida a bayanta. Ina ganin kafaɗunta suna motsi, na san kuka take, sai in fita in ci gaba da tufka. Rahila ma ban buga mata waya ba. Idan ita ta bugo sai in ce uwarta tana gona.

A kwanakin nan ne ta fara mafarkin kogi. Da rana take yinsa, ido rabi a buɗe, hasken da ke shigowa ta hujin kwanon rufi yana yawo a fuskarta. Ta ce ruwa yana shigowa ɗakin a hankali, mai ɗumi, launin shayi da madara, ya ɗaga angarib, gadon igiyar da take kwance a kai, ya fita da ita. Tana kwance tana kallon sama, rassan mangwaro suna wucewa, balbelu suna sauka a ƙafar gadon suna tashi. Ba tsoro a ciki, in ji ta, sai wani irin sauƙi, kamar an sauke mata tulu daga ka. Can sai ta hango matan gari cikin kwalekwale, da kwanonin abinci a cinya, Gwaggo a gaba, suna kiran sunanta. Amma akwai wani mutum tsaye cikin ruwa har ƙugu, riƙe da doguwar gora. Duk sa'ad da kwalekwalen ya matso, sai ya tokare shi ya tura baya. Fuskarsa ba ta ganuwa, bayansa kaɗai take gani.

Ta tambaye ni ko Shaiɗan ne. Na ce mata shi ne. Na ɗora hannu a kanta na tsawata masa cikin sunan Yesu. Wannan na rubuta shi ne don Allah ya riga ya gani, ɓoye wa mutane ba zai ƙara mini komai ba.

A mako na shida, ko na bakwai, lissafin ya ɓace mini, hancinta ya fara zubar da jini. Ya tsaya, ya sake ɓallewa. Na wanke zanen da ta toshe hanci da shi na shanya a kan danga, ban yi tunani ba. Da hantsi sai na ji sandar Gwaggo. Wannan karon ba ta yi sallama ba.

"Wanda matarshi ke Sinja ba ya shanya zanenta da jini," ta ce. "Kauce, Iliya."

Na fara magana, ta sa mini sandar a ƙirji ta ture ni kamar ɗan akuya. Ta sami Hannatu ba ta san wanda ke kanta ba. Ta durƙusa, ta ja fatar idonta, ciki fari fat. Ta latsa cikin ta hagu, ta bi taurin da yatsu har kusa da cibiya. Ta ce kalazar ne, ta gan shi a jikin ƙanin mijinta, kuma da an bar ta ta shiga tun zuwanta na farko da ta faɗa. Ba ta yi zancen rubutu ba, ba ta yi zancen ƙusa ba. Ta leƙa ta danga ta kira Sale ya kawo amalanken jakinsa. Sale ya shigo, ya dubi Hannatu, ya dube ni, bai ce Fasto ba. Ya kama kan katifa na kama ƙafa.

Daga bakin titi muka sami ƙaramar bas zuwa Damazin. Direba ya sa muka biya kujerun baya duka. A asibiti layi ya kai har gindin darbejiya, mutane a kwance a kan tabarmi, mu ma muka shimfiɗa tamu. Sai bayan azahar aka kira mu. Aka soki yatsanta, aka ɗebi jini, aka ce mu jira, muka jira har inuwa ta koma gabas. Likitar mace ce, yarinya da ba ta wuce sa'ar Rahila ba. Ta taɓa cikin, ta tambaya da Larabci tun yaushe. Na rage makonnin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce saifa ba ta saukowa haka a mako biyu. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini har yau: "Cutar nan ba ta sauri, tana ba mutane lokaci. Wa ya cinye nata lokacin?"

Ta ce jininta ya ƙare, ba za a fara allura ba sai an ƙara mata, kuma asibiti ba ya ba da jini sai dangi sun zuba madadinsa. Na miƙa hannuna. Aka gwada, aka ce nawa bai isa a ɗiba ba, ni ma na rame ban sani ba. Na fito na tsaya a baranda. Dangina na jini da ke kusa tsohuwa ce guda mai sanda. 'Yan'uwana cikin bangaskiya sun watse tun kaka. Sale yana jingine da bango yana sakace. Ya ji abin da aka ce, ya jefar da tsinken, ya tafi tasha.

Washegari da hantsi ya dawo da bas cike da mazan garinmu, da warin kifi a rigunansu. Suka yi layi a ƙofar ɗakin ɗiban jini suna tsokanar juna a kan tsoron allura. Habu yana cikinsu. Ya gaishe ni, ya ce kaffara, ya nannaɗe hannun riga. Da aka rataya ledar jinin a kan Hannatu na tambayi ma'aikacin na wane ne, ya ce ba a faɗa. Na tsaya a taga ina kallonsa yana ɗiga. Shekara da shekaru ina wa'azi a kan jini, cewa an zubar dominmu ba don mun cancanta ba. Ina faɗinsa kamar wanda yake da rijiya a gidansa yana ba maƙwabta labarin ruwa. Ranar nan na ga abin da idona, yana shiga jijiyar matata, daga hannun mutanen da na kora daga ƙofa da ƙarya, kuma ba wanda ya tambaye ni komai kafin ya bayar.

Ba a barin namiji ya kwana a ɗakin mata, saboda haka Gwaggo ce ta zama murafiƙa, wato mai zama da mara lafiya. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon, nan take kwana, nan take sallarta. Ni ina gindin darbejiya da sauran maza, muna haɗa gawayi muna dafa shayi. A nan zan yi ƙorafi, don gaskiya ne. An ce magani kyauta ne, kuma kyauta ne, amma sirinji, da ruwan da ake ƙarawa, da auduga, da gwaji, duk daga aljihu. Famfo yakan yi kwana biyu ba ruwa. Akwai mai gadin da ba ya buɗe ƙofa sai an gaishe shi da hannu. Na sayar da akuyoyinmu, albasa kuwa ta bushe a gona. Zan kuma yi godiya. Akwai wata nas, Sista muke ce mata, wadda ta koyi "sannu" da "yi haƙuri" don Hannatu kawai, kuma takan murza wurin allurar da tafin hannu har zafin ya ragu. Rahila ta zo daga Sinja da kuka da faɗa, ta ɗauke mana girki. Allah ya sāka musu.

Bayan ƙarin jinin da 'yan kwanaki Hannatu ta dawo hayyacinta. Lokacin ziyara ne, na shigo da butar shayi. Ta buɗe ido ta ga Gwaggo tana mata fifita. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce da wata ƙaramar murya, "Gwaggo, sai da na kusa mutuwa kika zo?"

Gwaggo ba ta dube ni ba, ko da wutsiyar ido. Ta ci gaba da fifita ta ce, "Ƙugun nan ne ya hana ni, ɗiyata, ga kuma sakaci irin na tsufa. Laifina ne. Ki yafe mini."

Ina tsaye da buta a hannu. Na zuba shayi.

Allura kullum biyu da safe, ɗaya bayan ɗaya, har wurin zama ya ƙare a jikinta. A mako na biyu na allurar zafi ya sauka, ta nemi kisra, wainar dawa ta ƙasar nan, da miyar kuɓewa, cikin ya fara laushi. Amma ta ce tana jin kogi a kunnenta na hagu, shuuu, ba ya tsayawa. Muka ɗauka ragowar mafarki ne. Da muka gaya wa likita, ta ce ɗaya daga cikin alluran takan taɓa kunne, musamman ga wanda ya zo jiki ya riga ya raunana, kuma yawanci ji yana dawowa. Nata bai dawo ba. Ƙarar ruwan ta tafi, ta tafi da jin gaba ɗaya.

Wata Lahadi wani fasto na cikin Damazin ya zo asibitin, ya tara mu masu bi a ƙarƙashin itace don Jibin Ubangiji. Kafin ya kakkarya gurasa ya ce kowa ya duba cikin zuciyarsa, wanda ya san akwai abu tsakaninsa da wani ya dakata. Na duba, ban ma sha wahalar nema ba, abin yana zaune a bakin ƙofa yana tufka. Amma an riga an gabatar da ni a matsayin mai jagorar masu bi na ƙauye, idanu suna kaina. Na miƙa hannu na karɓa na ci. Ashe har a lokacin ban bar bakin ruwa ba, ina nan ina magana da ƙarfi don a ji.

Muka koma gida da bazara. Mata suka cika tsakar gida, wannan karon ban zauna a ƙofa ba. Ba wadda ta tayar da zancen Sinja, na gane Gwaggo ta bi gida gida ta rufe bakuna. Bayan wata biyu ƙananan ƙuraje suka feso wa Hannatu a haɓa da kumatu. Ta tsorata ta rufe fuska, amma tsofaffi suka yi guɗa, suka ce cuta ce ta fito waje, wadda ta fito kuwa ba ta kisa. Likita ma ta ce a bar su za su tafi da kansu. Na ji maganar tsofaffin nan ta tsaya mini a ƙirji, domin tawa ba ta fito ba.

Hannatu ta gode wa Gwaggo, ta kai mata turmin zane. Amma wani abu ya huce a tsakaninsu. Ba ta ƙara zuwa ta zauna a gabanta kitso ba. Kuɓewar fari da takan aika mata, ta aika wa wata. Na ji ta tana gaya wa matar Sale cewa mutum ba ya sanin nasa sai ya kwanta. Gwaggo tana gani, tana ji, ba ta tona ni ba. Idan muka haɗu a hanya sai ta tambaye ni jikin ɗiyarta ta wuce.

Ga abin da na koma yi. Da la'asar Hannatu takan zauna a rumfa tana tsince wake, ni in zo in zauna ta hagunta. In matso kusa da kunnen da ba ya ji, in faɗi komai ƙasa ƙasa. Ni na kore su. Ni na ce kin tafi Sinja. Kunun Gwaggo ne kika sha. Ki gafarta mini. Har hawaye nake yi. Sai in tashi ina jin sauƙi kamar wanda ya yi wanka. Na yi haka ranaku da yawa. Na ce wa kaina ai na furta, Allah ya ji. Yanzu da nake duba baya, haka yawancin tubana yake tun ina saurayi. Ina zaɓen kunnen da ba zai amsa ba.

Wata la'asar, iska tana kawo ƙanshin ƙasa daga kudu, hadarin farko yana haɗuwa a kan kogi. Na zauna ta hagu na fara kamar kullum. Ba ta ɗago daga tiren waken ba ta ce, "Baban Rahila, kullum ina jin numfashinka a wuyana, da ɗumi, kamar kana magana. In da ni kake, zagayo ta nan."

Tsakanin hagunta da damanta tabarma guda ce. Ban taɓa tafiya mai nisa kamarta ba. Na zagaya na zauna, na faɗa, da muryar da ake ji. Ban rage makonni ba wannan karon. Na faɗi bakin ruwa, da tufka, da barci, da Sinja, da kunu, da butar shayi.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta daɗe tana kallon wajen kogi. Sannan ta ce, "Ashe ba mafarki nake ba. Muryoyinsu nake ji." Ta ƙara da cewa, "Kai ne mai gorar."

Na ce ni ne.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce batun kunnenta da makonnin da ta kwanta ita kaɗai, wannan tsakaninta da ni ne da Ubangiji, kuma in ba ta lokaci, kada in tsaya a kanta ina jiran amsa. Amma batun Gwaggo ba ya jira. A gaban mutane ta zarge ta, saboda haka a gaban mutane zan wanke ta, yau, kafin ruwan nan ya sauko.

Na sami Gwaggo a tsakar gidanta da mata suna shan gahawa. Na cire takalmi na durƙusa na faɗa a gabansu duka. Galibinsu sun sani, su na kora, amma suka saurara har ƙarshe. Gwaggo ta kurɓi gahawarta ta ce, "Ka daɗe a hanya, ɗan wana. Gidanka da nan ba nisa." Na tambaye ta don me ta ɗauki abin da ba nata ba. Ta ce kada in yi zaton don ni ta yi. Mara lafiya tana iya jin haushin gwaggo ta warke, amma in ta ji haushin mijinta a kan gadon asibiti, daga hannun wa za ta karɓi ruwa? Tana rufe baki sai ga Hannatu a ƙofa, da kwandon kuɓewa a ka, ɗankwali a hannu, gashi a tsefe. Ta wuce ni ta zauna a gaban Gwaggo ta ba ta baya. Tsohuwar ta ajiye finjali ta nemi mataji.

Washegari na je bakin ruwa na nemi gafarar Habu a kan maganar da na yi a makon da ya binne ɗansa. Ya ce ya ji zafinta a lokacin, ya kuma bar ta. Sale ya ce, "To Fasto, yanzu jinin Sarkin Ruwa yana gidanka, ka riƙa gaishe shi da safe." Aka yi dariya, ni ma na yi, ido yana ruwa.

Ban bar bangaskiyata ba, ta ma fi zama mini da gaske. Har yanzu na gaskata Almasihu ya cece ni da jininsa. Abin da na daina shi ne ɗaukar ceton nan kamar katanga da ta raba gidana da ciwon mutane. An cece ni ne ina mai laifi, kuma wanda ya san haka ba shi da sunan da zai tsare a bakin ƙofa. Ku da kuke zuwa aikin kaka, ku kwana cikin gidan sauro mai ƙananan ido. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji magani ba, ga rama, ga tauri a ciki ta hagu, ku tafi asibiti ku ce a gwada kalazar. Kada ku yarda da ƙusa mai zafi. Amma ku bar tsofaffi su shiga su duba.

Hannatu ba ta taɓa ce mini ta yafe da baki ba, ni kuma na daina jira. Ta dai koma ajiye mini wurin zama ta damanta. Ƙurajen sun tafi, ta yi ƙiba, ta koma faɗa da kaji. Kwanan baya da rana ta yi gyangyaɗi a rumfa, ta farka ta ce ta sake ganin kogin, da gadon, da balbelu, da kwalekwalen mata. Na daɗe kafin in tambaya ko mai gorar yana nan.

"Yana nan," ta ce. "Sai dai yanzu ya juyo, ina ganin fuskarsa."